Abin da Ke Raba Tsohon Muridi da Zawiyarsa: Darasi Daga Tarihin Ɗariƙu a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk mai hidimar da ya daɗe yana kiwon ikilisiya ya san rashi iri biyu. Akwai sabon tuba da ya zo da zafi, bayan wata shida ya ɓace. Akwai kuma dattijon da ya yi shekara ashirin ko talatin a benci ɗaya, ya ɗauki bulo a kansa ranar gina majami'a, sai a wayi gari ya fara fashin addu'ar safe, daga nan ya daina zuwa taron tsakiyar mako, a ƙarshe a ji labarin yana sujada a wani wuri ko yana zaune a gida. Rashi na farko mun saba da shi. Na biyu ya fi ciwo, ya kuma fi wuyar ganewa, domin ba za a ce mutumin bai san koyarwa ba.

Wannan darasi zai duba matsalar ta tarihin maƙwabtanmu Musulmi. A ƙasar Hausa babu wata ƙungiyar tarbiyyar ruhu da ta kai ɗariƙun Sufaye daɗewa da yawan jama'a, musamman Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Aikinsu shi ne zikiri da natsuwa da horar da zuciya a ƙarƙashin jagora. Daga shekarun 1970 mutane da yawa da suka girma a cikinsu suka bar su, a Kano da Katsina da Daura har zuwa Maraɗi da Damagaram. Masana sun bi diddigin wannan fita sosai, saboda haka muna da abin koyo a cikinta.

Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci tsakanin 'yan ɗariƙa da masu sukarsu. Wannan muhawara ce ta cikin gidan Musulunci, kowane ɓangare yana da malamansa da hujjojinsa. Abin da muke nema shi ne gane yadda zumunta take sakin hannun mutumin da ta daɗe tana riƙe da shi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

1. Abin da muridi yake ɗauka

Kalmar ɗariƙa daga Larabci take, ma'anarta hanya. Mai shiga ana kiransa muridi. Wanda yake ba shi izinin wuridi shi ne muƙaddami, shi kuma yana da silsilar malamai da ke komawa ga shehun da ya kafa ɗariƙar. Ƙadiriyya tana komawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, wanda ya rasu a 1166. Tijjaniyya tana komawa ga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Aljeriya ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1815.

Nauyin da ɗan Tijjaniyya yake ɗauka ya kasu uku. Akwai lazimi safe da yamma, wanda yake yi shi kaɗai da carbi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Akwai wazifa sau ɗaya a rana, yawanci cikin jama'a, ana zaune kewaye da farin ƙyalle: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Akwai kuma zikirin Juma'a, daga bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Duk wannan ƙari ne a kan salloli biyar. Mai karɓar wuridi yana alkawarin ba zai haɗa shi da na wata ɗariƙa ba, ba zai kuma bar shi ba har mutuwa.

Ya kamata ɗalibi ya lura da girman wannan alkawari. Wanda ya yi shekara ashirin yana lazimi ya zauna da carbinsa fiye da sau dubu goma sha huɗu. Abokansa 'yan zawiya ne. Sau da yawa matarsa 'yar gidan ihwani ce, maigidansa a kasuwa ma haka. Zawiya ita ce masaukinsa idan ya je baƙon gari, ita ce take tsaya masa idan yana neman bashin kaya. Mutum ba ya barin irin wannan gida don wa'azin dare ɗaya.

2. Yadda ɗariƙu suka kafu

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne, saboda haka bayan jihadin 1804 Ƙadiriyya ta zama ɗariƙar gidan mulkin Sakkwato. Daura ta shiga hannun masu jihadi a ƙarƙashin Malam Ishaku, sarakunan Haɓe suka fice suka ci gaba da riƙe sarautarsu a wurare irin su Zango da Ɓaure. Sai a 1906 Turawa suka mayar da gidan Haɓe kan gadon Daura ta hannun Malam Musa. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar kuma daga 1966 zuwa 2007. Kusan duk labarin da za mu bayar ya faru ne a zamanin waɗannan sarakuna biyu.

Kafin a kafa Lardin Katsina a 1934, Daura tana cikin Lardin Kano. Hanyar fatauci daga Kano zuwa Damagaram ta ƙasar Daura take ratsawa. Almajiran Daura da Sandamu da Mai'aduwa sun saba tafiya Kano neman karatu, 'yan ci-rani kuma su tafi da rani su dawo da damina. Abin da ya tashi a zaurukan malaman Kano ba ya daɗewa bai iso ba. Wannan ne ya sa dole mu bi tarihin Kano kafin mu gane na Daura.

Tijjaniyya ta shigo daular Sakkwato tun shekarun 1830, lokacin da Alhaji Umaru Futi ya zauna wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kan hanyarsa ta komawa daga Makka. Ta yi ƙarfi a Kano lokacin da Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, ya karɓe ta. Amma babban canji ya zo ne ta hannun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a ƙasar Senegal. A 1929 ya bayyana cewa faila ta sauko, wato kwararar sanin Allah da aka yi wa 'yan Tijjaniyya alkawari. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, ya ziyarci Kano a 1945, manyan malaman Salgawa irin su Malam Tijjani Usman da Shehu Atiku Sanka da Malam Sani Kafinga suka bi shi.

Abin da Faila ta kawo shi ne tarbiyya. A da, zurfin sufanci rabon malamin da ya yi shekaru a halwa ne. Shehu Ibrahim ya buɗe ƙofa ga kowa: tela da mahauci da ɗan koli, har da mata da samari, suna iya shiga tarbiyya a hannun muƙaddami su nemi ma'arifa cikin ɗan lokaci. Mutane suka yi ta shiga. Da yawansu sun fito ne daga Ƙadiriyya ko daga tsohuwar Tijjaniyya. Har tsayuwarsu a salla ta bambanta, domin sun koma ƙabalu, wato ɗora hannu a ƙirji, alhali sauran jama'a suna sadalu. An yi rikici a kan wannan a Lardin Sakkwato a 1949 da 1956. Shehu Nasiru Kabara kuma ya sabunta Ƙadiriyya a Kano da bandiri da Maukibi, ya jawo matasa.

A nan akwai abin lura na farko. Fitar tsofaffin mabiya ba da Izala ta fara ba. Faila ma ta cika zawiyoyinta ne da mutanen da suka ga tsohuwar hanya ta zama ta malamai da sarakuna, ba ta da wuri dominsu.

3. Shekarun fita

A 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda shi ne jigon Faila a Arewa, ya sauka daga sarauta ya koma Azare. Malam Tijjani Usman ya rasu a 1970, Shehu Atiku a 1974, Shehu Ibrahim kansa ya rasu a Landan a 1975. Cikin shekara goma sha biyu an rasa yawancin mutanen da aka shiga ɗariƙar saboda su.

A daidai wannan lokaci ƙasar kanta tana juyawa. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna. Farin farkon shekarun 1970 ya buga ƙasashen kan iyaka irin su Daura, ya kori samari zuwa birane. Kuɗin man fetur ya kawo aikin albashi da kwangila. Shirin ilimin firamare kyauta ya fara a 1976. Rediyo mai batir da kaset suka shiga ƙauyuka.

Cikin wannan yanayi muryar Shehu Abubakar Mahmud Gumi ta yi ƙarfi. Shi ne Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962 zuwa 1967. Tafsirinsa a Masallacin Sultan Bello yana fita ta Rediyon Kaduna, ana jin sa a kowane lungu na Arewa har cikin Nijar. A 1972 ya fitar da littafinsa na Larabci a kan ingantacciyar aƙida, inda ya soki ɗariƙu kai tsaye. Muhawara ta ɓarke a Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1978 Malam Isma'ila Idris, tsohon limamin soja, ya kafa Jama'atu Izalatil Bid'a wa Iƙamatis Sunna a Jos. A 1979 fassarar Alƙur'ani ta Hausa da Gumi ya yi ta fito.

Izala ta zo da wa'azi a fili, da 'yan agaji masu kayan sarki, da makarantun Islamiyya, daga baya da masallatanta. A shekarun farko zafin ya yi yawa: an yi kafirta juna, an rabu a sahun salla, ɗa ya ƙi bin mahaifinsa salla, wasu suka ƙi cin yankan wasu. Yau duk wanda ya zaga Daura ko Zango ko Mai'aduwa zai ga zawiya a wannan unguwa, masallacin Izala a waccan, sau da yawa kuma masu zuwa wuraren biyu 'yan gida ɗaya ne.

4. Dalilan fita

Idan ka tambayi wanda ya fita, zai ce ya gane gaskiya ne ya bar bidi'a. Idan ka tambayi wanda ya zauna, zai ce wancan bai taɓa ɗanɗana zaƙin zikiri ba, ko an ruɗe shi. Ya kamata mu ɗauki maganar kowannensu da muhimmanci, domin mutane suna canja hanya saboda abin da suka gaskata. Amma masana irin su Roman Loimeier da Ousmane Kane da Muhammad Sani Umar, waɗanda suka yi nazarin wannan zamani, sun nuna cewa akwai abubuwan da suka shirya zukata tun kafin mai wa'azi ya iso. Za mu duba guda biyar.

Na farko, tambaya ta rasa mai amsa ta. Tarbiyyar sufanci ta ginu a kan miƙa wuya ga jagora, kuma yawan tambaya alamar rashin ladabi ce. Wannan ya yi aiki muddin littafi yana hannun malami shi kaɗai. Da muridi ya fara jin tafsiri da Hausa a rediyo, ya kuma riƙe fassara a hannunsa, sai tambayoyin da ya daɗe yana haɗiyewa suka fito. Ina hujjar farin ƙyalle? Mene ne ma'anar ladan da littafin Jawahirul Ma'ani ya ambata wa Salatul Fatihi? Manyan malaman Tijjaniyya suna da amsoshi, sun kuma rubuta su, yawanci da Larabci. Amma muƙaddamin ƙauye sau da yawa ba shi da su, sai ya ce a yi shiru a bi. Mai wa'azin Izala kuwa yana tsaye a bakin kasuwa yana karɓar tambaya a takarda yana amsawa da aya da hadisi. Mutum ya fi daɗewa a inda ake amsa masa.

Na biyu, nauyin kuɗi. Muridi yana kai hadiya ga shehunsa, yana ba da gudummawar maulidi da ziyara. A gefe guda al'ada ta ɗora masa kuɗin biki da suna da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Waɗannan al'adu ba ɗariƙa ta ƙirƙiro su ba, amma malaman da ake kira su yi addu'a a wurin su ne malaman zawiya, sai abin ya haɗe a idon jama'a. Izala ta ce yawancin wannan ba dole ba ne. Ga ƙaramin ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai tasowa, wannan sauƙi ne babba, musamman bayan tsadar rayuwar da ta biyo tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Masu nazarin Alhazan Maraɗi sun ga irin wannan a can: matasan 'yan kasuwa sun karɓi koyarwar da ta ba su hujjar addini ta rage kashe kuɗi a bukukuwa.

Na uku, gadon shugabanci. Idan shehu ya rasu, halifanci yakan koma ga ɗansa. Almajirin da ya yi shekara talatin yana hidima, wanda wataƙila ya fi ɗan karatu, sai ya ga zai durƙusa wa yaron da aka haifa a gabansa. Wasu sun yi haƙuri, wasu sun buɗe tasu zawiyar, wasu sun fita gaba ɗaya. Alkawarin da muridi ya ɗauka na ɗariƙa ne, amma a zuci ƙaunar wani mutum ce ta riƙe shi. Da mutumin ya kau, sai igiyar ta saki. Izala ta zo da tsarin kwamiti: shugaba, sakatare, ma'aji, shugaban agaji. Malamin firamare ko direba yana iya samun muƙami ba tare da an tambayi gidan da ya fito ba.

Na huɗu, amfanin zawiya a zaman duniya ya ragu. A zamanin fatauci da ayari, ɗan ɗariƙa yana da masauki da mai lamuni daga Kano har Kumasi. Da mota da banki da takardar makaranta suka zo, saurayi yana iya samun abinci ba ta hannun maigida ko muƙaddami ba. Wanda albashi yake ciyar da shi ba ya jin dole ya cire takalmi ya tsuguna don gaida babba. Da Izala ta ce durƙuso ga mutum bai dace ba, ta faɗi abin da samari da yawa suke ji ne ba su da bakin faɗa. Haka ma mata: makarantun Islamiyya na matan aure sun ba su dalilin fita neman ilimi, abin da ya ja gidaje da dama.

Na biyar shi ne wanda ya fi ɓoyuwa, wato bushewar zuciya. Faila ta yi alkawarin ɗanɗano, mutum ya san Allah da zuciyarsa. Waɗanda suka shiga a zamanin Shehu Ibrahim sun shiga da kuka da shauƙi. 'Ya'yansu kuwa sun tarar da wuridi ne a gida kamar yadda suka tarar da gona. Ko wanda ya ɗanɗana da farko yakan kai lokacin da harshe yake motsi zuciya tana wani wuri. Malaman sufanci sun san wannan hali, sun yi rubutu a kansa, suna ɗaukarsa wani mataki ne na tafiya. Amma sai da jagora na kusa muridi yake haye shi. Da zawiyoyi suka cika, muƙaddamai suka yi yawa, irin wannan kulawa ta mutum ɗaya ɗaya ta yi ƙaranci. Mutum yana iya shekara biyar yana wazifa a bushe ba wanda ya sani. Ranar da ya ji an ce abin ba shi da asali, sai ya ji kamar an sauke masa kaya.

Idan aka haɗa biyar ɗin, za a ga abu ɗaya. Abin da zawiya take nema daga tsohon muridi, na lokaci da kuɗi da biyayya, yana nan yadda yake, amma abin da take ba shi, na amsa da kulawa da wurin girma, ya ragu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

5. Abin da ya biyo baya

Kuskure ne a ɗauka ɗariƙu sun mutu. Miliyoyin mutane suna cikinsu har yau, taron maulidi yana cika filayen manyan birane. Abin da ya tsayar da su shi ne sun gyara inda ya tsage. Ƙungiyar Fityanul Islam, wadda aka kafa a Kano a 1963, ta faɗaɗa makarantu da 'yan agaji. Shehu Ɗahiru Usman Bauchi ya ɗauki tafsiri da Hausa ta rediyo da kaset yana mayar da martani a bainar jama'a. Gidan Ƙadiriyya na Kano ya buɗe makarantun zamani. 'Ya'yan shehunai suka shiga jami'o'i a gida da Masar. Muridin yau yana da littafi da Hausa da zai karanta, yana da malamin da zai tambaya.

Ita ma Izala ba ta tsira daga abin da ya sami waɗanda ta soka ba. A farkon shekarun 1990 ta rabu gida biyu, ɓangaren Jos da na Kaduna, kuma shugabanci yana cikin abin da aka yi saɓani a kai. Gumi ya rasu a 1992, Isma'ila Idris a 2000. Matasan da suka yi karatu a Madina, irin su Shehu Ja'afar Mahmud Adam na Kano, suka tara nasu ɗalibai, da yawa suka fi son a kira su Ahlus Sunna kawai. An yi sulhu tsakanin ɓangarorin biyu a 2011, amma bai ɗore ba. Ƙadiriyya ta rasa mutane ga Faila, Faila ta rasa ga Izala, Izala ta rasa ga na bayanta, kuma dalilan sun yi kama da juna a kowane karo.

6. Darasi ga masu hidima

Mu ma mun ga irin wannan. A shekarun da Izala take tasowa, ikilisiyoyin da mishan suka kafa, irin su ECWA da Angilikan da Baftis, suna rasa matasa da ma'aikata zuwa sababbin ikilisiyoyin Fentikos. Deeper Life ta fara a Legas a 1973 a matsayin ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, Living Faith kuma ta kafu a Kaduna a shekarun 1980. Waɗanda suka tafi sun ce an bar koyar da Magana, sujada ta yi sanyi, dattawa sun riƙe komai. Maganar ta yi kama da ta tsohon muridi. A jihar Katsina, inda masu bi ba su da yawa, fitar iyali ɗaya tana iya rufe makarantar Lahadi ta ƙauye guda.

Game da tambaya: Luka ya yaba wa mutanen Biriya domin suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). Memba da ya tambayi dalilin zakka ko baftisma ko tsarin zaɓen dattawa bai yi rashin kunya ba. Idan fasto bai san amsa ba, ya nemo ta ya dawo. Yau kowa yana da masu wa'azi goma a wayarsa, kuma wanda muka hana amsa zai same ta a can.

Game da kuɗi: a lissafa abin da iyali ɗaya suke bayarwa a shekara, zakka da baiko da godiyar kaka da kuɗin gini da ankon Zumuntar Mata da gudummawar taron gunduma. Bulus ya yi hattara ƙwarai da kuɗin da aka tara wa Urushalima domin kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:20-21). A karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a. A sauƙaƙa biki da jana'iza kafin wani ya zo ya sauƙaƙa mana su ya tafi da mutanenmu.

Game da shugabanci: lokacin da aka yi gunaguni a kan rabon gwauraye, manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafi ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai an ba su aikin (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Majalisar dattawan da ta zama gadon gida biyu ko uku tana koya wa sauran cewa ba su da gaba a nan. Fasto kuma ya ɗaure mutane ga Almasihu da jikinsa, domin shi za a yi masa canjin wurin aiki, ko ya tsufa, ko ya mutu.

Game da bushewa: wannan ne aikin da ba wanda zai yi sai makiyayi. Yawancin lokacinmu yana tafiya ga sababbin tuba da marasa lafiya da masu rigima. Wanda yake zuwa kullum ba ya damun kowa, sai mu ɗauka lafiya yake. Misalin mai shuka ya ambaci irin da ya tsiro ya girma, sa'an nan ƙaya ta shaƙe shi a hankali (Markus 4:18-19). Ezekiyel 34 ya zargi makiyayan Isra'ila da rashin ƙarfafa raunana da rashin neman waɗanda suka ɓace. Ya kamata kowane fasto ya ware lokacin ziyartar tsofaffin membobi ba don wata matsala ba, ya tambayi yadda addu'arsu take, ya kuma koya musu cewa lokacin fari yana zuwa wa kowane mai bi, Zabura cike take da shi. Wanda ya daɗe kuma a ba shi wani ya koyar, gama marubucin Ibraniyawa yana sa ran wanda ya daɗe ya zama mai koyarwa (Ibraniyawa 5:12).

Abu na ƙarshe ya shafi zamanmu da maƙwabta. Waɗanda suka bar ɗariƙa Musulmi ne, waɗanda suka zauna ma Musulmi ne. Mai hidima a ƙasar Daura zai yi hulɗa da duka biyun, a gidan mai gari da kasuwa da wurin ta'aziyya. Ya san bambancinsu domin ya girmama kowa yadda ya dace, kada kuma ya ɗauki saɓaninsu ya mai da shi abin ba'a a kan bagadi. Gidaje da yawa sun sha wuya a waɗannan shekaru, wasu iyaye sun mutu ba su shirya da 'ya'yansu ba. Idan namu ya tafi wata ikilisiya, mu ci gaba da gaishe shi, mu je sunan ɗansa, mu tambaye shi dalilin tafiyarsa, mu saurara har ya gama.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A cikin dalilai biyar da aka kawo, wanne ne ya fi bayyana a ikilisiyar da ka fito? Kawo misali ba tare da ambaton sunan kowa ba.

2. Me ya sa Faila ta jawo jama'a a shekarun 1940 da 1950, kuma me ya canja kafin 1978?

3. Waɗanne matakai ɗariƙu suka ɗauka suka riƙe mutanensu? Wanne ne ikilisiyar ƙauye za ta iya ɗauka da ƙarfinta?

4. Rubuta sunayen membobi biyar da suka fi daɗewa a ikilisiyarka. Yaushe rabon da wani shugaba ya zauna da kowannensu a kan rayuwarsa ta addu'a?